Gurnanin janareta ba ya jin kwalin ƙwai

Ɗaukar murya nake yi a wani ƙaramin situdiyo a Zoo Road, kuma ba abin da ke ɓata min aiki kamar janaretan maƙwabta. Yawancinmu a Kano kwalin ƙwai ko soso muke liƙawa a bango. Suna ɗan rage amsa-kuwwar ɗaki, amma gurnanin nan da kake ji har cikin ƙirjinka, ko gezau.

Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Gurnanin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya haura mita uku. Ina soso mai kaurin yatsa biyu zai tare shi? Da can nauyi ne babban magani, shi ya sa ɗakin ƙasa na cikin birni mai kaurin tubali ya fi na bulo shiru.

Yanzu masana sun koma ga siffar abu maimakon kaurinsa. A 2000, Ping Sheng da abokan aikinsa a Hong Kong suka naɗe ƙwallayen dalma masu faɗin santimita ɗaya da roba mai laushi, suka jera su cikin ƙaro mai tauri. In sautin da ya dace da kaɗawarsu ya iso, ƙwallayen sai su yi ta rawa suna ja da shi, ya kasa ratsawa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na Jami'ar Boston a 2019, ƙarƙashin Xin Zhang. Zobe ne, tsakiyarsa a buɗe, an murɗa wasu 'yan hanyoyi a cikin jikinsa. Sautin da ya bi ta murɗaɗɗiyar hanya yakan makara, in ya fito sai ya ci karo da wanda ya bi ta tsakiya, su kashe juna. Kashi 94 cikin 100 na sautin ya tare, iska kuwa tana wucewa abinta.

Iskar nan ce magana. Janareta in ka toshe shi zafi zai kashe shi, hayaƙinsa kuma kisa yake yi in ya rasa mafita. Gaskiya ne kowane zobe sauti ɗaya ake auna masa, amma ai injin da ke ba da wuta a tsayayyen gudu yake juyawa, ƙananan namu sau 3000 a minti, muryarsa ba ta cika canzawa ba.

Ina ma ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero (BUK) za su yi lissafin, masu walda na Ƙofar Ruwa su ƙera. Ni a shirye nake a fara gwadawa a bayan situdiyona.