Yau Asabar: ni da Yaya da lissafin kunun aya

Tun da safe Yaya ta kira ni wai in leƙo shago tana son shawara, ashe wata sabuwar mai kunun aya ce ta buɗe a bakin layi tana ba da roba 400, ita kuma Yaya 500 take sayarwa, hankalinta duk ya tashi ta ce gobe gobe za ta sauke farashi ita ma kar a kwashe mata kwastomomi. Na ce Yaya don Allah ki bari mu zauna da biro da takarda tukunna, ki san roba nawa ne sai kin sayar kafin ki fita daga asara. Ta ce ai kullum da daddare tana ganin kuɗi a jaka. To ciniki daban, riba daban.

Bayan azahar da mutane suka ɗan ragu muka shimfiɗa tabarma gefen firiza. Na raba takardar gida biyu. Gefe ɗaya kuɗin da dole ya fita ko ta sayar ko ba ta sayar ba: hayar shago 180,000 a shekara wato 15,000 kenan a wata, yarinyar da ke taya ta wanki da tata 15,000, wuta da man janareto 25,000 (wannan shi ya fi ƙona mata rai, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin bai koma daidai ba, kuma kunun aya ba a wasa da sanyinsa, 'yan awoyi a zafi ya yi tsami). Sai na ƙara 5,000 na ajiya saboda ranar da firiza ko janareton zai lalace, ta ce wannan ai ba kashewa ba ne, na ce rana ɗaya mai gyara zai zo ya karɓe shi dunƙule. Duka 60,000.

Ɗaya gefen kuma abin da kowace roba ke ci. Nan muka daɗe wallahi, don Yaya a ido take awo. Sai da ta ɗauko kwanon awon muka bi ɗaya bayan ɗaya, kwanon aya nawa, dabino, kwakwa, citta da kanumfari, sukari, kuɗin niƙa, robobi da leda, har kuɗin adaidaita zuwa kasuwar Rimi da dawowa, sannan muka raba da yawan robar da haɗi ɗaya ke bayarwa. Ya kama 300 kan kowace roba. Kenan a 500 ɗin nan 200 ce kawai ke saura, kuma ita ma 200 ɗin ba ta zama riba ba sai ta gama biyan 60,000 ɗin can. Kalkuletan waya: 60,000 raba 200, roba 300 a wata, goma a kullum. Ta goma sha ɗaya ita ce ribar farko ta ranar.

Sai na ce to yanzu mu gwada 400 ɗin. Saura 100 kan roba, 60,000 raba 100, roba 600. Ashirin a kullum kafin ta ga sisi. Yaya ta karɓi wayar ta sake dannawa da kanta har sau biyu, ta ce "ke, naira ɗari kawai fa na rage." Eh ɗari ce, amma daga cikin ɗari biyun da ke riƙe da shagon aka cire ta, aya da dabino ba za su sauko don kin sauko ba. Kuma ita yanzu tsakanin 16 zuwa 18 take sayarwa a rana, kenan da ta sauke da aiki kawai za ta dinga sha tana cin uwar kuɗi ba ta sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke kwana ya lalace da kuma bashin maƙota. Roba ɗaya in ta yi tsami 300 ta tafi, sai ta sayar da ɗaya da rabi kafin ta mayar. Ga hunturu na tafe, kowa ya san da sanyi cinikin kayan sanyi ja baya yake yi amma mai shago ba zai rage haya ba, sai dai a jira zafi da azumi a farfaɗo. Ita kanta ma ba mu sa mata ladan wahalarta ba, in tana son 40,000 a wata ya zama nata to lissafin 100,000 ne, roba 500.

Mun tsaya kan farashi yana nan 500, za ta rage yawan haɗin da take yi ranakun da ba ciniki, kuma za ta gwada ƙaramar roba ta 300 saboda 'yan makaranta, amma ita ma sai mun yi mata nata lissafin. Ran Litinin zan raka ta Dawanau mu tambayi kuɗin buhun aya, in sarin buhu zai sauko da 300 ɗin nan ko zuwa 270 ne to roba 261 ta ishe ta a wata.