Lahadi, 20 ga Afrilu 2025: rinin ƙwai da ɓawon albasa

Alƙahira. Gobe Litinin Shammun Nasim, ranar hutu a Masar, wadda kullum take faɗowa washegarin Istar Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar. Musulmi da Kirista duk sukan fita lambuna da bakin Nilu, a ci kifin fasikh mai gishiri da ɗanyar albasa da latas da dafaffen ƙwai mai launi. Ƙwan shi ne aikin yau, guda 20, kuma da ɓawon albasa kaɗai, ban sa garin kala na shago ba.

Da hantsi na ware ɓawon. Busasshen na waje ake so, mai ƙarar takarda in an murza shi. Duk wanda ya yi baƙin fumfuna ko ya haɗo da ɗanyen naman albasa na zubar, domin ɗanyen ba ya ba da launi, sai dai wari. Na raba kashi biyu: na albasa mai ruwan ɗorawa, kimanin na guda 15, da na ja, na guda 10. Bai kamata a gauraya su a karon farko ba, don kowanne da irin abin da yake bayarwa. Mai ruwan ɗorawar yana farawa da ruwan lemo, ya bi ta ruwan goro, ya ƙare a ja mai duhu kamar lallen da ya kwana. Abin mamaki, da shi ne Girkawa da yawa suke rina jan ƙwansu na ranar Alhamis kafin Ista. Jar albasa kuwa, irin wadda ta cika kasuwannin Arewa, ba ta ba da ja sosai. Tana ba da ruwan ƙasa mai duhu ne, mai ɗan jirkicewa zuwa ruwan hanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ɓawo da ƙwai tare a tukunya, a bar su suna tafasa ana jiran launi ya kama. Launin ɓawo yana buƙatar minti 40 kafin ya fito duka, ƙwai kuma minti 12 ya ishe shi. In aka haɗa su tun farko, ko dai launi ya fito a koɗe, ko ƙwai ya yi tauri kamar roba, gwaiduwarsa ta yi koren zobe. Wannan zoben ba guba ba ne, sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne yake haɗuwa da kibiritun farin ƙwai in zafi ya daɗe, amma yana ɓata gani da ƙamshi. Shi ya sa ake dafa ruwan rini daban.

Na zuba ɓawon mai ruwan ɗorawa a ruwa lita ɗaya da rabi, na jan a lita ɗaya. Da suka tafasa na rage wuta, na rufe, minti 40. Tukunya tana da nata tasiri: ta ƙarfe mara tsatsa ta fi. Ta alminiyum tana tabo, tukunyar baƙin ƙarfe kuma tana dusashe launin ya koma kore-kore mai datti. Gwajin nuna shi ne a ɗiga ruwan a farin faranti. In ya yi kamar shayin da aka manta a kan wuta, ya yi. Na tace da rariya, na matse ɓawon da bayan ludayi, sannan na zuba ruwan khal, cokali biyu na cin abinci a kowace lita.

Khal ɗin nan shi ne abin lura. Ɓawon ƙwai dangin alli ne, tsami yana ɗan cin samansa, launi ya sami wurin kamawa. In babu shi, launin yana yin sama-sama. In ya yi yawa, sai a ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ƙwan, kowane kumfa ya bar ɗigon fari, saman ɓawon kuma ya yi laushi har launi ya riƙa saluɓewa a yatsa. Wanda ba shi da khal zai iya matsa lemon tsami. Kanwa kam kada ta kusanci tukunyar, ita kishiyar tsami ce.

Yayin da ruwan ke hucewa na fitar da ƙwai daga firij ya sha iska awa ɗaya, na wanke kowanne da ruwan ɗumi, na goge da tsumma mai ɗan khal. Maiƙon hannu ko tambarin gona da ya rage, nan ne launi zai ƙi zama.

Guda 8 na yi musu zanen ganye, kuma wannan ne sashen da ya fi cin lokaci. Ana jiƙa ganyen faski, a manna santsin fuskarsa a jikin ƙwai, a baje shi da yatsa har babu lanƙwasa. Sai a yanko safar mata mai shara-shara, tsawon kamu ɗaya, a ja ta a kan ƙwan ta ɗame sosai, a ɗaure da zare ta bayan ganyen. Inda ƙullin ya zauna yakan bar tabo mai kama da tauraro, don haka kada ya faɗo a kan zanen. Ƙaramin ganye mai laushi ya fi babba, saboda babban ba ya bin zagayen ƙwai, ruwa yana shiga ta ƙarƙashinsa, gefen zanen ya dishe.

Bayan azahar ruwan ya koma ɗumi-ɗumi. Na jera ƙwai 12 a tukunyar farko, 8 a ta biyu, shimfiɗa ɗaya, ba a ɗora wani kan wani ba, ruwa ya haura su da kaurin yatsa. Wuta matsakaiciya, daga lokacin da ya fara ɓararraka a hankali na ƙirga minti 12. Guda biyu sun tsage, duka a tukunyar ɓawon jar albasa. Akwai fili a cikinta, suka yi ta gwaruwa da juna. Ƙaramar tukunya ko tsumma a ƙasa da ya hana hakan. Tsagaggen ana cin sa, launin albasa ne kawai ya zana farin, amma shi za a fara ci.

A minti 12 fararen ƙwai sun yi ruwan lemo mai haske, ƙwan da ɓawonsu ja ne tun asali kuma sun yi ruwan goro. Rabi na tsame a nan. Sauran na bar su a ruwan, na sa tukunyar cikin kwanon ruwan sanyi ta huce da wuri, sannan ta shiga firij. Zurfin launi daga jiƙo yake zuwa. Da magariba, bayan awa huɗu, sun yi ja mai duhu ƙwarai, zanen faski ya fito ruwan ɗorawa mai haske, har jijiyoyin ganyen ana gani a guda biyar.

Jiƙaƙƙen launi ba ya son taɓi. Na yanke safar da almakashi, na ɗaga ganyen da tsinke, na jera su a kan rariya, ban goge ba sai da suka bushe ƙarau. Daga nan ɗigon mai biyu a tsumma ya ishi ƙwai huɗu ko biyar. Kafin a shafa man, launin a dushe yake, bayan an shafa sai ya yi ƙyalli kamar gogaggen katako.

Ban da waɗannan 20, na gwada wani ƙwai guda ɗaya a ruwan zoɓo, wanda nan ake kira karkade. Duk jan da yake da shi a kofi, a jikin ƙwai toka-toka mai duhu ya bayar, saman ɓawon kuma ya yi kaushi saboda tsaminsa ya haɗu da na khal. In za a sake, ba khal.

Duka suna firij yanzu, kuma dafaffen ƙwai da ɓawonsa yana kai kwana bakwai a can. Waɗanda za su fita gobe za su tafi a kula da ƙanƙara, domin bai kamata su wuce awa biyu a waje ba. Sauran ruwan rinin na juye a kwalba, zai ƙara ɗaukar zubi ɗaya da safe, sai dai launinsa zai fi na yau haske.