Neman gidan haya a Yamai

Makonni uku na yi ina zagaya unguwannin Yamai ina neman gidan haya, tun daga Boukoki har Talladje, kuma abin da na lura da shi shi ne dillali ya fi mai gida iko a wannan harka. Kafin ya nuna maka ɗaki sai ka ba shi kuɗin zagaye, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. Wani ya kai ni Lazaret, ɗaki biyu da falo, jika 60 a wata, da sharaɗin biyan wata uku a dunƙule. Na ga shatin ruwan damina a bango, kusan kamu biyu daga ƙasa, amma ya rantse mini cewa fenti ne ya tsufa.

Wani dattijo da muke shan shayi tare a fada ne ya fitar da ni, da ya ce: "Ɗana, je ka Harobanda, ƙanena yana da ɗaki." Hayar ta fi sauƙi a can, sai dai kowace safiya zan tsallaka Gadar Kennedy cikin cunkoso, kuma kuɗin taksi zai cinye rabin abin da na rage.