Ginshiƙin da babu a shagon ƙasa

Asabar. Da safe Auta ya kira, wai in zo unguwar Avcilar da ke Istanbul in ga gidan da suka samu shi da abokan karatunsa biyu kafin su biya kuɗin kama gida. Rana ta fito, iska mai daɗi daga teku, na sayi simit, burodin zobe mai riɗi, a hanya, raina fes.

Bene ne hawa shida, su a na huɗu. Fenti sabo, tayil na ƙyalli, haya da rangwame. Na ce kafin mu hau, mu fara leƙa ƙarƙashin gidan. Na ƙirga ginshiƙai a layin tsakiya, huɗu. Muka hau shagon kujeru da ke hawan ƙasa, uku. A silin, daidai inda na huɗun ya kamata ya tsaya, ga tabon faci mai kusurwa huɗu, an shafe da farin fenti. An sare shi ne don kujeru su samu fili.

Na nuna masa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Yaya, ai kowa haka yake zaune a garin nan. In girgizar ƙasa ta zo gudu zan yi, hawa huɗu ne kawai."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yanzu.

Nauyin bene ta ginshiƙai yake sauka zuwa tushe. In aka cire ɗaya, ginshiƙan hawa biyar da ke samansa sai su zauna a kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance tsakanin ginshiƙai, wanda ba a yi shi don wannan kaya ba. Ga gaban shagon gilashi zalla, babu bango. Girgiza gefe da gefe take kaɗa gini, duk lanƙwasar sai ta taru a hawan da ya fi rauni. Shi yake fara durƙushewa, sauran su biyo shi kamar an jera faranti. An ga irin haka da yawa a girgizar Kahramanmaras ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya.

Batun gudu kuma, lissafi ne. Tsagewar Arewacin Anatoliya, inda girgizar yankin nan ke tasowa, ta ratsa ƙarƙashin tekun Marmara, kamar kilomita 20 daga gaɓar kudancin Istanbul. Motsin farko, mai sauƙi, yana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Mai rusa gini yana cin kamar 3.5. Tsakaninsu daƙiƙa biyu zuwa uku ke nan. Ko takalmi mutum bai sa ba. Matattakala kuwa tana cikin abin da ke fara karyewa, don tana haɗe da hawa biyu da kowanne ke motsinsa daban. Ranar 23 ga Afrilun 2025, da girgiza mai maki 6.2 ta afku kusa da Silivri, a yammacin Istanbul, ofishin gwamnan Istanbul ya ce mutum 151 sun ji rauni saboda dirowa daga sama cikin firgici. Abin da AFAD, hukumar agajin gaggawa ta Turkiyya, ke koyarwa bai canja ba: ka durƙusa, ka kare kai da wuya kusa da abu mai ƙarfi, ka riƙe shi har ta lafa. Sannan ka rufe gas, ka kashe wuta daga mita, ka sauka da ƙafa, ban da lifta.

Kuma Avcilar ce. A girgizar Izmit ta 17 ga Agustan 1999, cibiyar tana nesa da nan da kusan kilomita 100, amma gidaje sun rufta a unguwar nan, mutane da dama sun rasu, saboda ƙasarta mai laushi ce, tana ƙara wa girgiza ƙarfi.

Na ce masa duk gidan da zai sake dubawa, ya fara da shekarar gini. Tana jikin takardar DASK, inshorar girgizar ƙasa ta dole, wadda dole mai gida ya bayar kafin a haɗa ruwa da wuta, sai dai takardar ba shaidar ingancin gini ba ce. Gidajen da aka yi kafin 2000 da yawa da yashin teku aka kwaɓa kankarensu, rodinsu sumul ba zane. Gishiri na cin rodi, tsatsa ta kumbura, kankare ya ɓare. Ya sauka ƙarƙashin gida da tocila. In ya ga rodi a fili, ko ɓawon dodon koɗi a jikin ginshiƙi, ko ya kankara da mukulli ya ga yana zuba kamar gari, ya juya.

Cikin ɗaki aikin awa ɗaya ne. Wadurob da firji a ɗaure su a bango da ƙarfe mai siffar L, biyu-biyu daga sama. Gado nesa da taga. Takalmi mai tauri, tocila da usur a gefen katifa, don gilashi ke fara yanka ƙafa a duhu, usur kuma ya fi murya daɗewa. Jaka a bakin ƙofa: ruwa da abincin kwana uku, magani, cajar tafi-da-gidanka, kwafin fasfo da katin zama. Filin da 'yan unguwa za su taru bayan girgiza yana cikin e-Devlet, shafin intanet na gwamnati, a taka a je a gan shi tun yanzu. Bayan girgiza layin waya na cushewa, saƙo ya fi kira wucewa.

Ya yi shiru, yana ta juya mukullin da dillali ya ba shi.

La'asar a masallacin kusa da tasha. Hajiya ta kira, na ce lafiya lau muke, ban faɗa mata ba.

Ɓangaren tsagewar da ke gaban birnin nan rabonsa da babbar girgiza tun 1766, ƙasar Anatoliya kuma tana matsawa yamma kamar santimita 2 kowace shekara. Ina rubutun nan ina kallon fitilun gidajen maƙwabta, ina ƙirga hawa.

Ƙarfe sha ɗaya saƙonsa ya shigo: "Yaya, ban biya ba. Akwai wani a Beylikduzu, gobe bayan azahar." Na sa tocila a caji.