Waldar da ba ta ratsa ba, da gajiyar ƙarfe

Bayan kakar bara, sandar ƙarfen da ake jan amalanken Kawu da ita ta karye daidai wurin waldarta a hanyar Mai'aduwa, alhali buhunan geron da ke kai ba su kai nauyin da ta saba ɗauka ba. Da aka kawo guntayen gida Daura na duba bakin karayar, sai na tarar tsakiyar ƙarfen ta yi tsatsa, har shatar zarto tana nan, alamar wutar walda ba ta taɓa isa wurin ba. Kewaye da ita akwai wuri mai santsi da siraran layuka, sannan ɗan gefe mai ƙyalli, wanda shi kaɗai ya riƙe kayan har ranar da ya gaza.

Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe: nauyi yana hawa yana sauka sau dubbai, tsaga tana ci kaɗan-kaɗan har ta gama. Idan walda ta zauna a sama kawai ba ta ratsa kaurin ƙarfen ba, ramin da ta bari a gindin haɗin tamkar tsaga ce da aka riga aka fara, kuma ido ba ya ganin ta, balle idan an bi da fenti. A lissafin haɗin walda, idan matsin da ke hawa da sauka ya ninka biyu, kwanan haɗin yakan ragu kusan sau 8. Sayen ƙarfe mai tsada ma ba ya magance wannan, domin siffar haɗin ce ke yanke hukunci.

Kada a ɗauka matsalar amalanke ce kawai. A watan Maris na 1980, dandalin ma'aikatan haƙar man fetur mai suna Alexander Kielland ya kife a tekun Norwe, mutum 123 suka rasu, kuma bincike ya gano tsagar ta faro ne daga wata ƙaramar walda mai milimita 6.

A ganina, yawancin laifin a nan wurinmu na gaggawa ne da raunin wuta. Janareta ba ya ja sosai, sandar walda ta E6013 kuma, wadda kowa ya fi so saboda tana fitar da ɗinki mai kyau, ba ta shiga da zurfi kamar E6010. Kawu da kansa cewa ya yi, "Ai yaro, waldar nan ta yi kyau ranar da aka yi ta."

Wajen gyara na tsaya a kan mai waldar sai da ya fere bakin ƙarfen biyu suka buɗe kusan digiri 60, ya bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a gindi, ya fara cike can ƙasa, ya kankare dattin, sannan ya bi da sauran layuka. Aikin ya ci sanduna ninki uku, kuma Kawu bai daina mitar kuɗin ba har yau.