Ƙaurin da ya bi ni daga Kura har Kwanar Ɗangora

Motata tsohuwa ce 'yar Kwatano, kuma mai irin wannan mota dole hancinsa ya zauna a buɗe. Na taso daga Kano zan je Zariya, ina wuce Kura sai wani ƙauri mai kama maƙogwaro ya fara shigo mini. Ba warin fetur ba ne, ba kuma na ledar da ta manne wa salansa ba.

Na duba allurar zafin inji, tana inda ta saba. Na ɗaga gilasai, ƙaurin ya ragu. Na sauke, ya dawo. Ke nan daga waje yake zuwa, ba wayoyin cikin mota ne ke narkewa ba. Can kuma na lura motar ta yi nauyi, sai na ƙara mata wuta take riƙe gudunta, sitiyari kuma yana ɗan fizgata zuwa dama.

A Kwanar Ɗangora na gangara gefen titi na buɗe bonet. Babu hayaƙi, babu baƙin mai da ke ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, fambel ma lafiya lau. Sai na zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina kusantar da bayan hannuna ga kowane wili ba tare da na taɓa ba. Uku ɗumi kawai suka yi. Na gaba na dama kuwa huci yake kamar kaskon mai tsire, ƙaurin ma nan ya tattaru.

Wani yaro ya matso da ruwan leda, ya ce, "Alhaji, a watsa mata?" Na ce ya bari. Faifan birkin da ya ɗauki zafi haka, in ruwan sanyi ya sauka a kansa yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, daga nan duk takawa sai feda ta riƙa karkarwa. Muka jira ya huce da kansa.

Bakaniken da aka kira mini ya ɗaga motar da jak, ya murza tayar da hannu biyu, ta ƙi juyawa sai da ƙyar. Ya ɗaga ta hagu, ya tura ta da yatsa, ta yi ta juyi. Ya ce, "Yallaɓai, birkinka ne ya riƙe, tun daga gida yake cin ƙarfe." Da ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ya nuna mini ƙusoshi biyun da take zamewa a kansu. Robar da ke rufe ɗaya ta yage, ƙura da ruwan damina sun shiga, tsatsa ta kama ta ƙam. Shi ya sa ko an saki feda birkin ba ya saki. Ya goge ƙusar da samfefa, ya shafa mata giris, tayar ta saku. Da na dawo Kano na sayo sabuwar roba da birki a Ƙofar Ruwa, aka sauya na tayoyin gaba duka biyu, don in aka sauya ɓangare ɗaya mota ja take yi. Na kuma sa aka wanke wancan giris aka sa na silikon, saboda na gama-gari kumbura roba yake yi.

Man birkin ma sai da aka zubar da shi. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma yana shan danshi, in ya sha sai ya iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa tururi ya shiga layi, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Abin da ke cin direbobi ke nan a gangaren Hawan Kibo, in suka ɗora wa birki nauyin mota maimakon su sauko da ƙaramar giya.

Tun daga lokacin, in na ji wari nakan fara lura da lokacin da yake zuwa. Ƙaurin kuloci ya yi kama da na birki, sai dai shi a hawa ko cunkoso yake tasowa, inji na ihu mota ba ta gaba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yakan fito daga batirin da altaneta ke yi wa caji fiye da kima, ko daga indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke cikinta. Mita za a sa wa batirin, in ta haura bolt 15 an gano mai laifi. An ce ruwan lagireto in yana yoyo ƙamshi mai zaƙi yake yi, amma wannan sai ga mai zuba kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Mu da yawancinmu ruwan famfo muke ɗurawa, babu abin da hanci zai ji.

Warin fetur kam ba na shawara da shi: in tsaya, in kashe inji, kowa ya fito. Haka hayaƙin salansa in ya shigo ciki, don iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ko kaɗan. In ciwon kai da gyangyaɗi suka kama mutanen mota gaba ɗaya, a sauke gilasai nan take, a nemi mai walda ya duba salansar daga inji har baya.