Asabar: Queensferry, saboda Baba

Tun asuba ake yayyafi irin na garin nan, wanda ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Na kwana da niyyar yau zan zauna a kan babi na uku na aikina, amma ko layi ɗaya ban ƙara ba. Baba ne ya jawo, in har ana ɗora wa uba laifi.

Makon jiya muna waya ya tambaye ni, kamar da wasa, ko daga inda nake zuwa Queensferry, wani ƙaramin gari a bakin ruwa a nan Scotland, da nisa. Na ce, "Baba, a ina kuka san Queensferry?" Ya yi dariya ya ce tun ban zo duniya ba ya san ta. Ashe suna aji biyu a sakandare sun karanta Kidnapped na Robert Louis Stevenson, irin wanda ake taƙaita wa 'yan makaranta, kuma har yau sunayen suna nan daram a kansa, David Balfour da Alan Breck da baffan nan marowaci. Ni kuwa shekara ɗaya da rabi ina Edinburgh, garin da aka haifi marubucin a 1850, ban taɓa buɗe littafin ba. Kunya ta kama ni. Na aro shi a laburare na cinye shi cikin dare uku. Jiya kuma a wani shagon kayan gwanjo na ci karo da faifan fim ɗin da kamfanin Disney ya yi a 1960, fam biyu kacal.

Kwamfutata ba ta da wurin saka faifai, sai na ƙwanƙwasa wa abokin zamana, ɗan Dundee, wanda yake da tsohuwar na'ura a falo. Ya ce shi ma zai kalla, rabonsa da fim ɗin tun yana yaro a gidan kakarsa. Muka haɗa shayi muka zauna wajen ƙarfe tara.

Labarin na shekarar 1751 ne. David, yaro maraya, iyayensa sun rasu, aka ba shi wasiƙa ya kai wa ƙanin mahaifinsa, Ebenezer, a wani tsohon gida da ake kira Shaws kusa da Cramond. Baffan ya tare shi da bindiga ta taga. Gida ƙato, rabinsa kango, wuta ɗaya ake hurawa, abinci kuwa ɗan kunu ne a kwano, shi ma da ƙyar. John Laurie ne ya fito a baffan, kuma wallahi ya iya rowa. Yadda yake bin cokalin yaron da ido kaɗai ya ishe ka. Abin da David bai sani ba shi ne ubansa ne babba, don haka gidan da gonakin nasa ne. Cin dukiyar maraya dai ba sai an yi wa Bahaushe bayaninsa ba.

Wurin da na daina kurɓar shayi shi ne hawan bene. Baffan ya aike shi cikin dare ya ɗauko akwati a saman hasumiya, ya hana shi ko kyandir, ya ce ai matakalar lafiyayyiya ce. Yaro yana hawa yana laluben bango, alhali ba a gama ginin ba, matakalar ta ƙare ne a sarari. Walƙiya ce ta tona asirin. Na karanta wurin kwana uku da suka wuce, na san ba zai faɗa ba, amma sai da na riƙe numfashi. Da wannan dabara ta ƙi ci, sai baffan ya haɗa baki da kyaftin ɗin wani jirgin ruwa mai suna Covenant a tafi da yaron Carolina, can Amurka, a sayar da shi ya yi bauta a gona. Kyaftin ɗin Bernard Lee ne, wanda bayan shekara biyu ya fito a shugaban James Bond a fim.

Fim ɗin bai tashi da gaske ba sai da Peter Finch ya hau jirgin a matsayin Alan Breck, da takobinsa da ɗamarar zinariya a ƙugu, yana taƙama kamar shi ya sayi jirgin. Kuɗin na manoman Appin ne, waɗanda suke biyan haya sau biyu, ɗaya ga gwamnati bisa dole, ɗaya a ɓoye ga shugaban danginsu da ke gudun hijira a Faransa tun bayan da aka murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746. David yaron kudu ne, mai biyayya ga Sarki George. Alan ɗan tsaunukan arewa ne, ɗan tawaye, yana bayan gidan sarautar Stuart. A siyasa ko ga maciji ba sa yi, amma ƙaddara ta kulle su a ɗaki guda suna kare kansu daga ma'aikatan jirgi, ɗaya da takobi a bakin ƙofa, ɗaya yana ɗura harsashi hannu na rawa.

Abokin zamana bai bar ni na ji wasu wurare ba. Duk lokacin da James MacArthur, wanda ya fito a David, ya buɗe baki, sai ya kwashe da dariya ya ce wannan harshen Amurka ne aka ɗaura masa zanen Scotland. Ni kunnena bai kai nan ba, duk Turanci nake ji. Amma da aka zo gasar busa algaitarsu mai jaka tsakanin Alan da Robin, ɗan shahararren ɗan tawayen nan Rob Roy, shiru ya yi. Wani dogon saurayi ne ya fito a Robin na 'yan mintoci, Peter O'Toole, tun kafin fim ɗin Lawrence of Arabia ya ɗaga shi a 1962. Maza biyu sun kusa zare takubba, mai gida ya ce a fafata da busa, kuma wanda aka kayar ya amsa an fi shi. Na so wurin nan ƙwarai.

Abin da na fi so a littafin shi ne faɗan abokan biyu, bayan Alan ya ranci kuɗin David, lokacin David yana kwance ba lafiya, ya zubar a karta. Stevenson ya ɗauki shafuka yana bin gabar da yaron ya ɗauka, kwana da kwanaki suna tafiya cikin ruwa da sanyi ba ya ce masa uffan, yana jin daɗin fushinsa kamar mai tsotsar alewa. Fim na awa ɗaya da rabi ba shi da wannan haƙurin, gaba yake yi. Ban ga laifinsa ba, amma nan ne littafi ya fi.

Bayan azahar na ɗauki laima na nufi tashar Waverley. Jirgin ƙasa bai cika minti ashirin ba ya sauke ni a Dalmeny, tashar Queensferry. Daga nan akwai matakala mai tsawo cikin itatuwa, jiƙaƙƙen ganye ya rufe ta, sai da na riƙa dafa ƙarfe ina tuna David. Ina sauka sai ga masaukin Hawes Inn, fari tas, a gindin jar gadar Forth, wadda ta yi masa rumfa kamar giwa ta tsaya a kan akurki. A nan ne baffan ya sadu da kyaftin a labarin. An buɗe gadar a 1890, littafin kuwa ya fito a 1886, wato lokacin ana tsakiyar aikinta. Jirgin ƙasa ya bi ta kan gadar, ƙarar ta sauko har cikin haƙorana. Na ɗauki hoto bakwai, biyu ne kawai ba digon ruwa a jiki.

Na daɗe tsaye a bakin gaɓa. Ruwa ya janye, ya bar laka da duwatsu da baƙin gansakuka, tsuntsaye suna tsince-tsince a inda ɗazu teku ne. Tunanina ya tafi kan kisan da ke tsakiyar labarin, don ba ƙirƙira ba ce. A watan Mayu na 1752 aka harbe Colin Campbell na Glenure, wakilin gwamnati mai karɓar haya, a dajin Lettermore. Stevenson ya ja abin baya da shekara guda don ya dace da labarinsa. Alan Breck mutum ne na gaske, shi aka fara zargi, ya tsere. Sai aka kama James Stewart, wanda ya rene shi, aka kai shi Inveraray, tsakiyar ƙasar dangin Campbell. Shugaban dangin, Duke na Argyll, shi ya jagoranci zaman, kuma cikin mutum 15 da suka yanke hukunci 11 'yan Campbell ne. A irin wannan wata na Nuwamba aka rataye shi kusa da Ballachulish, aka bar gawar a sarƙa fiye da shekara don masu wucewa su gani. Fim ɗin bai kai nan ba. Ya tsaya inda maraya ya karɓi haƙƙinsa aka tashi da kiɗa. Da safe na ji daɗin hakan, da yamma a bakin ruwa sai abin ya ɗan tsaya mini a wuya.

Na so in biya ta titin Corstorphine in ga mutum-mutumin David da Alan, amma ƙarfe huɗu da 'yan mintoci duhu ya fara. Na juyo gida don magariba.

Bayan isha na kira Baba na tura masa hotunan. Bai damu da gadar ba, bai damu da masaukin ba. Hoton lakar ya tsaya a kai. Ya ce, "To, wannan shi ne ruwan da yake tafiya ya dawo?" Na ce shi ne, Baba, sau biyu a yini. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ba ni labarin babin da David ya maƙale a wani ɗan tsibiri kwana huɗu yana cin ɗanyen kayan teku yana amai, alhali in ruwa ya janye da ƙafa ake tsallakewa. Ya ce duk ajinsu ba wanda ya taɓa ganin teku, suka ce ƙarya ce, kogi ai sai da rani yake ƙafewa. Malaminsu ya aika aka kawo daro da ruwa, ya riƙa karkata shi a kan tebur har ya jiƙa rajista, amma ba su yarda ba.

Ya ce in zan taho hutu in zo masa da faifan. Na ce, "Baba, ai na'urar gidan ta mutu tun bikin Yaya." Ya ce wannan ba matsalata ba ce, ni dai in zo da shi.